Gwaza Mai Gishiri

Ƙasar su Falavi ba ta da inda mai laifi zai ɓuya. Tsibiri ne siriri kamar igiya. In ka tsaya a tsakiyar hanya, teku na hagunka, teku na damanka, kuma duk wanda ya gifta ɗan'uwanka ne. 'Yan majalisar ƙasar kaf ba za su cika kwalekwale biyu ba, shi ya sa hannu ɗaya ke yanke magana.

Falavi ɗaya ne daga cikinsu, kuma hannunsa ne ya yanke ta ranar da aka ce katangar tare ruwan teku ɗaya tak za a iya ginawa, ko a bakin filin jirgin sama, ko a bayan ramukan da ƙauyensu ke shuka gwaza a ciki. Gogan naka ya ɗaga wa filin jirgi hannu. Ba a jima ba aka ba shi minista.

Yau ga shi ya zo bikin shekara na ƙauyen, yana tsaye a ƙofar zauren dattawa, kunya kamar ƙasa ta tsage ya shige. A zauren nan kowane gida da ginshiƙinsa, kuma namiji ba ya zama sai babbar gidan ta kira shi, ta ba shi gwazan raminsu ya ci. Wanda ba a kira ba, ya tashi daga ɗan gida. Abin da Falavi ke tsoro ke nan.

"Ranka ya daɗe, da jirgin sama ka zo?" in ji wani tsoho. "Mun ji filin naka ko ɗigo bai taɓa shi ba."

Aka yi 'yar dariya. Falavi ya sunkuyar da kai.

Gwaggo Sulia, ƙanwar mahaifinsa da ta goya shi, ta ɗago ido daga kan tukunya. "Falavi, tsayuwar me kake yi sai ka ce baƙo? Zo ka zauna."

Daɗi ya kama shi. Ya zauna ya jingina da ginshiƙin kakansa, ita kuma ta turo masa gwaza da madarar kwakwa a kan ganyen ayaba.

Ya kai lomar farko baki. Gishiri zalla, ga warin ruɓa. Ya saci kallon 'yan'uwansa, sai ya ga kowa shinkafar kanti ce a gabansa. Shi kaɗai aka dafa wa gwaza.

"Gwaggo, ni fa..."

"Ci, ɗana, ba a magana da abinci a baki. Da hannuna na tono shi, ruwan teku har ƙugu. Kakanka ne ya haƙa ramin, ka ga kuwa ba wanda ya cancanci gwazansa na ƙarshe sai kai."

Ya ci, bai bar ko ɓarɓashi ba. Duk zauren ana jin haɗiyarsa. Da ya gama, ya ce a hankali, "Baɗi war haka zan dawo, Gwaggo."

Ta naɗe ganyen, ta goge hannu da zaninta.

"Ka dawo mana, ɗana. Amma da me zan kira ka?"