Gidan da Na Kasa Samar wa Aibi

Ni Midhat, duk faɗin birnin Iskandariyya na ƙasar Masar babu hedimastan firamaren da bai san ƙarar takalmina ba. Sufeton makarantu ne ni, kuma ba yabon kai ba, in na shiga aji sai na zaƙulo ƙura ko da a bayan allo ta ɓuya. Matata Sausan takan ce da za a tura ni duba teku, da na dawo da ƙorafin cewa gishiri ya yi yawa. Ni kuwa a wurina wannan yabo ne.

Mahaifina, Haj Abdulgani, tsohon direban taragon cikin gari, ya dawo wurinmu da zama tun rasuwar mahaifiyata. Gidanmu a unguwar Muharram Bek yake, can ƙololuwar bene, kuma hawa sai da ƙafa. Wata safiya santsi ya kwashe shi a banɗaki, ya kwanta nan a ƙasa har sai da Sausan ta dawo daga kasuwa. Allah ya tsare, babu karaya. Amma daga ranar ya rage magana.

Ranar Juma'a muna cin mulukiya, wato miyar lalo, da burodi, sai ya ajiye cokali ya ce, "Midhat, ɗana, na zame muku kaya. Ka nema mini ɗaki a gidan tsofaffi, ku ma ku huta."

Sausan ta dafe ƙirji. "Haba Baba! Wace irin magana ce wannan?"

Na ɗaga mata hannu irin yadda nake wa malaman aji ɗaya. "Dakata, Sausan. Baba magana ta hankali ya kawo." Na juya gare shi, ƙirjina cike da tausayi da jin kai na ɗa nagari, na ce, "Baba, tunda haka kake so, wallahi ba zan kai ka ko'ina ba sai inda na duba da idona."

Ya dube ni. Sannan ya ɗauki cokalinsa ya ce, "Allah ya yi maka albarka." Har na ce amin da ƙarfi.

Da dare Sausan ta ce, "Anya Midhat? Ka dai sake tunani." Na ce mata tunani ai shi ne sana'ata, ta bar wa masu shi.

Na ɗauki hutu na shiga aiki. Gidan farko, can unguwar Agami, tun daga ƙofa ƙamshin turare ya buge ni, kuma duk wanda ya taɓa duba makarantar kwana ya san abin da ake binnewa da turare mai yawa haka. Na ɗaga katifa ɗaya, na ajiye, na fita ban yi sallama ba. Gida na biyu tsaf-tsaf, amma sun jera tsofaffi gaban talabijin tun safe, babu mai ce musu uffan, ga ƙofar gudun gobara an ɗaure ta da sarƙa da kwaɗo. Na tambayi ina mabuɗin, aka ce yana aljihun mai gadi, mai gadi kuma ya tafi ƙauye biki. Faɗan da na yi a wurin har masu shago na ƙasa sai da suka leƙo.

Kowace yamma sai in dawo in zauna gaban Baba in zuba masa labari, ina kwaikwayon muryoyinsu, ina dariya. Shi kuwa ya gyaɗa kai ya ce, "Sannu da ƙoƙari." Na lura abincinsa ya ragu. Da yake ni mai lura ne, sai na kai shi wurin likitan haƙori.

Sai na faɗa Darul Yasmin, a Sidi Bishr, layi biyu daga bakin teku. Mai kula da gidan wata mace ce mai jiki, Madam Afaf. Na dira musu ba sanarwa, daidai lokacin abincin rana, don kada su shirya mini. Na shiga kicin na buɗe tukunya na ɗanɗana. Na leƙa firji. Na juya kwalaben magani ina duba ranar lalacewarsu. A banɗaki na kama ƙarfen da aka kafa a bango don dafawa, na rataye da dukkan nauyina, ni da tumbina, ko gezau bai yi ba. Daga nan na shimfiɗa hankici, na kwanta a ƙasa da kwat ɗina, na ja igiyar ƙararrawa don in ga tsawon lokacin da za su ɗauka. Ban gama gyara kwanciya ba sai ga nas ta banko ƙofa, ta tallafo kaina tana cewa, "Sannu Baba, kai ne sabon baƙonmu?" Wannan ya ɗan sosa mini rai, amma na ba su maki.

Na ja wani tsoho gefe, Ammu Girgis, wanda na samu yana shan iska a baranda. Na rage murya na ce, "Tsakaninmu, me suke muku in babu baƙi?"

Ya waiga hagu da dama, ya matso. "Sun haɗa baki da likita," in ji shi. "Shayi ba sukari."

Iyakar laifin da na samo ke nan. Na koma na sake dira musu da sassafe, na sake zuwa ranar hutu, abin dai ɗaya. Na dawo gida ina sheƙi na ce, "Baba, na samo! Gidan nan, ni Midhat, na neme shi da aibi na rasa." Ya ce madalla.

Ranar da za mu je ya gani, na ce masa kallo kawai za mu yi. Duk da haka ya fito da tsohuwar kwat ɗinsa mai ruwan toka, da ƙaramin akwati a hannu. Na ce a raina, ka ga mutum mai tsari, ashe gado na yi. Sausan ta raka mu bakin matakala, ta sumbaci hannunsa, ni kuma ko kallona ba ta yi ba.

A ofis Madam Afaf ta tarbe shi da fara'a. "Marhaba da Haj, gida ya yi haske. Shayi ko gahawa?"

"A'a, 'yata, na gode. Yanzun nan na sha."

Na san ko ruwa bai sa a bakinsa ba tun asuba. Na buɗe baki zan gyara masa, ta riga ni.

"Haba Haj, ɗan kofi ɗaya."

"Kada ki wahalar da kanki, wallahi a ƙoshe nake."

Ta buga tafin hannu a tebur. "Na rantse da Allah ba za ka tashi daga kujerar nan ba sai ka sha shayina!"

Sai na ga fuskar Baba ta saki. Ya yi murmushi, irin wanda rabon da in gani tun kafin faɗuwarsa. "To, tunda kin rantse," in ji shi. Ya karɓi kofin da hannu biyu ya shanye tas.

Ni kuwa a nan na farga. Wa ya taɓa ganin ɗan garinmu ya faɗi abin da yake so a karon farko? Baƙo yakan miƙe ya ce zai tafi ne don mai gida ya cafke hannun rigarsa ya rantse cewa ba inda za shi. Ni kaina na taɓa yage wa surukina aljihu a bakin ƙofa garin hana shi tafiya. Yaron goye ma ya san wannan. Ubana ya miƙe a gidana ya ce zai tafi, yana jiran in riƙe rigarsa, ni kuma na ruga na nemo masa mota, har da duba mata tayoyi.

Madam Afaf ta kai mu ɗakin. Gado a gyare, taga tana kallon wani ɗan yanki na teku. Baba ya ajiye akwatinsa. Ni kuma na tsaya a tsakiyar ɗaki na ɗaga murya yadda har na baranda za su ji.

"Baba, wallahi tallahi ba za ka kwana a gidan nan ba! Ɗauki akwatinka mu tafi."

Ya dube ni a natse. "Me ya sami gidan?"

"Bai dace da kai ba."

"Kai ka ce ka neme shi da aibi ka rasa. Ko ƙarya ka yi mini?"

"Ban duba da kyau ba ne!" Na faɗa banɗaki na kama ƙarfen nan na jijjiga, na sa ƙafa a bango na ja. Da ma na sani, ni na gwada shi. Na fito ina haki na ce abincinsu gishiri ya yi yawa.

"Ka ce sai da ka nemi ƙari," in ji Baba.

Na ce tagar tana shigo da sanyi. Madam Afaf ta miƙa hannu ta rufe ta ruf, tana harara ta. Na ɗauko kujera na hau, na shafa yatsa a saman kabad, ina roƙon Allah a zuciyata ya ba ni ƙura ko 'yar ƙanƙanuwa. Na duba yatsan, fes. Ban taɓa jin haushin tsabta ba sai ranar.

Na sauko na ce, "To na rantse da igiyar aurena, in ka kwana a nan..."

"Kul!" Ya ɗaga yatsa. "Bar 'yar mutane ta zauna lafiya. Ita ai ta ce haba."

Madam Afaf ta ja ƙofa ta bar mu. Na durƙusa gabansa, ni da furfurata, na kama hannunsa ina kuka kamar ɗan aji ɗaya. Na ce ya yafe mini, ban gane ba ne, jakin sufeto ne ni. Na ce za mu nemi gida a ƙasa, zan kafa ƙarfe a kowane bango, zan riƙa goya shi a matakala. Na rantse, na sake rantsewa, ina jiran ya ce "tunda ka rantse."

Ya dafa kaina. "Ba fushi nake ba, Midhat. Ranar Juma'ar nan na jira rantsuwar nan taka, ko sau ɗaya. Da ka yi ta a lokacin, da na san daga cikinka ta fito. Ta yau kuwa, a ofishin matar nan ka koyo ta." Ya dubi ɗakin. "Kuma ka yi aiki mai kyau. Gidan ba shi da laifi."

Ya zauna a bakin gado ya sunkuya zai kwance igiyar takalminsa. Na kwance masa, don ban san me kuma zan yi ba. Ya tura takalman ƙarƙashin gado da ƙafarsa.

"Tashi ka tafi, kada cunkoson yamma ya riske ka," in ji shi. "Ka ce wa Sausan ta rage awon shinkafa. Ku biyu ne yanzu."