Abin da Hazon Fakku Ya Rufe

Abokan aikina a sakatariyar Tambuwal sun daɗe da yanke hukuncin cewa kaina ba daidai yake ba. Kowa na neman waya mai fitar da kala, ni kuwa Aminullahi sai in ɗauki hoto in zare masa kalar, in bar baƙi da fari. Ban damu ba, don su ma hotunan bikinsu ba burge ni suke yi ba.

Ƙarshen damina na kwana a Fakku, gidan yayata Saudatu. Gero ya nuna, mijinta Ɗanmaliki ya kira gayyar girbi nan da kwana biyu, gidan ya cika da daka da surfe. An yi ruwa, da asuba hazo ya kwanta a kan gonaki fari fat. Ina idar da salla na fita bakin gonarsa na ɗauki hoto: zangarniya a gaba, tsamiyar ƙarshen gona a tsakiya, daji a baya. Na hau babur na koma aiki.

Hoton hazo matsalarsa ɗaya ce, komai toka-toka yake fitowa kamar tsohuwar riga da ta sha wanki. Gyaransa sai da haƙuri. Za ka ƙara wa baƙin ƙarfi kaɗan-kaɗan har abin da ke kusa ya tsaya da ƙafarsa, ka ɗan ɗaga farin, ka bar wa hazon laushinsa. In ka matsa da yawa sai hoton ya yi tsaki-tsaki, ka fara ganin abin da babu.

Bayan azahar ofis ya yi shiru, na zauna gyara. Zangarniya ta fito ras, tsamiya ta biyo. Sai na ga wasu tabbuna a gindinta. Na ɗauka dammunan gero ne, sannan na tuna ba a fara yanka ba tukuna. Na kewaye wurin kaɗai na ƙara masa baƙi. Taya ta fito, sai wata tayar, sai kawunan mutane a tsugune da rawani, kowanne da wani dogon abu jingine a kafaɗa.

 Na ce wa kaina matsawa na yi da yawa, ni na ƙirƙiro su. In na tayar da hankalin gari a banza, an watsa gayya, abinci ya lalace, tsuntsaye sun cinye geron mutum, da wane ido zan kalli Ɗanmaliki? Na mayar da hoton yadda yake na sake gyarawa a hankali, ina addu'a su ɓace. Ba su ɓace ba. Wannan karon har na ga ɗayansu a tsaye, fuskarsa tana kallon inda na tsaya da safe.

Na kira Ɗanmaliki, wayarsa ba ta shiga. Na kira, na sake kira. Sabis a Fakku sai an hau tudun bayan masallaci. Da ƙyar na samu Mannir mai shagon caji da ke kan tudun, na roƙe shi ya ruga ya kira mini Saudatu ta hawo tudun.

"Yaya, a hana kowa zuwa gona gobe. Akwai mutane gindin tsamiya, da babura da bindigogi. Na gan su cikin hoto."

Ba ta yi mini dariya ba, kuma wannan ya fi tsorata ni. 

"Aminu, ai yat tafi tun ɗazu. Randunan ruwan 'yan gayya yak kai."

Na manta da wannan sam. A Fakku mai gona ne da kansa yake kai ruwa jajibirin gayya, ya jera randuna a inuwa don su kwana su yi sanyi. Inuwa ɗaya ce a gonar nan.

Na ji ta saki wayar tana kiran maƙwabta. Mannir ya ɗauka ya ce za a gaya wa mai gari da 'yan sa-kai, gayya kam an fasa ta. Na fito harabar sakatariya ina kai da kawowa, ina danna lambar Ɗanmaliki. Tsoro nake ji irin wanda ban taɓa ji ba.

Dab da la'asar wayata ta yi ƙara, sunansa ne a kai. Na ɗauka da hannu biyu ina hamdala, na ce, "Yaya, kana ina?"

Na ji iska, da ƙugin babura can nesa. Sai wata murya da ban sani ba ta yi sallama a natse.

"Kai na mai ɗaukar hoton da safe?"