Ciyawar Bayan Bene

Mai feshi bai gama ɗaura tankinsa a baya ba Goggo ta jawo kujerar roba, ta dasa ta a tsakiyar ciyawar, ta zauna daram.

"Mama, ki matsa, maganin nan guba ne."

"Na sani. Shi ya sa na zauna."

Filin bai fi taku goma ba, tsakanin bayan bene da katangar gareji. Shekara biyu Goggo ta yi da yanar ido, hannun mutane ke kai ta ko'ina. Da aka yi mata aiki, abin da ta fara gani tar daga tagar ɗakinta shi ne furen tumfafiya, ƙudan zuma na ta shawagi a kansa. Tun daga nan take saukowa kullum da safe da littafin rubutu. Ta san ramin tururuwa, ta san lokacin da mazari ke zuwa bakin famfo. Yanzu kuma kurciya ta yi ƙwai biyu a jikin katangar.

Mai feshi ya kira manajan gidan. Shi kuwa ya taho da ɗan Goggo, wanda ya riga ya shirya zai tafi ofis.

"Goggo, don Allah," in ji ɗan, murya ƙasa-ƙasa. "Ya ce zai ba mu takardar tashi. Kan ciyawa?"

"Da ba na gani, kun ce in yi haƙuri. Yanzu ina gani, kun ce in kau da kai?"

Manaja ya gyara tsayuwa. "Masu haya na kuka da sauro, Mama. Ga macizai."

"Wa ya ga maciji? Kawo shi mu gaisa." Ta buɗe littafin. "Sauronka yana cikin tayoyin da ka jibge a can, sun cika da ruwa. Na rubuta ranar da na fara ganin tsutsarsa. In karanta wa masu hayar?"

Tagogi biyu sun riga sun buɗe a sama. Wata mata ta tuntsire da dariya.

Manaja ya kutsa cikin ciyawar har gabanta, ya kama hannun kujerar. Goggo ba ta motsa ba, kallonsa kawai take yi da sababbin idanunta. Ya ɗaga kai ya dubi tagogin, ya saki.

"Sati ɗaya," ya ce. "Ranar Litinin za a fesa, ko kina nan ko ba kya nan."

"Ina nan."

Manaja ya juya a fusace. Ɗan ya buɗe baki zai yi magana, ta taɓa masa hannu. Ƙarangiya ta manne a wandon manajan cunkus, tun daga idon sawu har gwiwa. Suna kallo ya zagaya gaban bene, ya bi ta kan shimfiɗaɗɗiyar ciyawar da yake sa a yi wa aski duk mako, yana karkaɗe ƙafa, irin ƙarangiyar na zuba a cikinta.

Goggo ta lashi bakin fensirinta, ta rubuta kwanan wata.