Yajin Jegon Najiba

Ni fa tun ranar da na fara ganin Ghali a ƙofar kasuwar Tianxiu yana bin wani ejan yana "loban, loban", wato "maigida" da Sinanci, kamar zai kwanta masa a ƙasa, na san rigar ce kawai, babu mutum a ciki. Shekarata tara a Guangzhou ina dafa wa 'yan kasuwarmu abinci, na ga irinsu har na gaji. Ba don matarsa Najiba ba, da ko gaisuwa ba za ta haɗa mu ba.

Najiba ta haihu a unguwar Panyu, haihuwar fari, kuma mahaifiyarta ba ta samu biza ba. Sai na rufe tukwanena na koma gidanta. Najiba ta ƙi cin komai. In dafa farfesun ƙafar saniya, ta kalle shi ta juya kai. Nono ya ƙi zuwa, jariri na ta tsala kuka, ita ma tana yi. Maganarta ɗaya ce: "Anti Saffana, bari yajin Umma ya zo." Uwar ta yi kwana uku tana daka mata yajin jego a Kano, ta ba Ghali, wanda haihuwar ta same shi a can.

Ya iso ranar da aka kwana uku da haihuwa, yana wani taku, ya miƙo min roba a baƙar leda. Ina buɗewa a kicin warin dafaffen ƙwai ya daki hancina. Na dangwala, tsami ya kama min harshe. Babu kimba, babu masoro, babu kanumfari. Chaat masala ne, wanda 'yan Pakistan ke haɗawa da baƙin gishiri da garin busasshen mangwaro. Na san shi sarai, maƙwabciyata 'yar Lahore ce ta koya min. Ina barbaɗa shi a kan awara da soyayyen dankali, har kankana, 'yan kasuwa su ci suna lashe yatsu. Abu ne mai daɗi, ban raina shi ba. Amma ba shi uwa ke daka wa 'yarta ba.

Na tare Ghali a bakin lif. Na ce, "Ina yajin?"

Ya fara sosa ƙeya. Wai Alhaji Waris, mutumin Ghana da ke yi masa lodi, ya daɗe yana roƙon yajin Kano, kuma kayansa na jiran gurbi a kwantena. Wai daga filin jirgi ya wuce ya kai masa. Wai ya zagaya shaguna yana neman irinsa, kowa ya ce masa "meyo", wato babu, shi ne ya sayi wannan ya juye a roba.

"Hajiya, yaji ai yaji ne."

Na kalle shi daga hular nan tasa mai tsada har takalmin da ko a gida ba ya son cirewa. Kunya ma ba ta san hanyar gidansu ba. Mutum ya ɗauki gumin surukarsa ya je ya yi fadanci da shi, sannan ya tsaya yana min wa'azi a kan yaji. Na tsane shi a lokacin nan, tsana ta gaske. Na juya da niyyar in tona masa asiri a gaban matarsa.

Ina shiga na tarar ta ɗauko robar da kanta, ta barbaɗa a farfesun da ta ƙi tun safe, tana ci. Tana ci tana hawaye. Ta ce, "Anti, Umma ta sauya hannu. Akwai tsami-tsami."

Na ce, "Jirgi ne. Yana sauya ɗanɗanon abu."

Ƙarya ce na yi, kuma na ci gaba da yi. A ɓoye na ƙara masa barkono da citta don ya ɗan yi kama. Ta ci shi da nama, ta ci da ƙwai, ta yanka gwaba ta dangwala. Ta kira uwarta ta yi ta godiya, tsohuwa tana can tana sa albarka. Kwana biyu nono ya zo, jariri ya yi shiru. Shi kuwa gogan har da ce min, "Kin gani ko, Hajiya?" Ban ko kalli inda yake ba.

Ranar suna falo ya cika da mata, maza suna ƙasa. Adizatu, matar Alhaji Waris, ta shigo da faranti na gasasshen rago, baiwar Allah ba ta san komai ba. Ta ajiye a gaban Najiba, ta ciro ƙaramin ƙulli daga jakarta.

"Ga wannan, 'yar'uwa. Yajin Kano ne, mijinki ya kawo wa Alhaji. Da na ji ƙamshinsa na ce ai mai jego ta fi mu buƙata."

Najiba ta kwance. Ba ta ma kai baki ba, ƙamshin ya ishe ta. Ta daɗe tana kallon ƙullin, sannan ta yi wa Adizatu godiya da kyau, ta miƙa mata jaririn, ta shiga ɗaki. Na bi ta, bakina cike da zagin Ghali da na tara kwana huɗu.

Ta riga ni. "Anti, kin sani?"

"Na sani. Ba ki cin abinci, Najiba. Wannan banzan mijin naki..."

"Bar shi." Muryarta a kwance. "Shi na san halinsa tun a Kano. Da kin gaya min, da zan ci haka nan, ko don yaron. Amma kina tsaye a kaina na kira Umma ina mata godiya, tana tambayata ko kimbar ta yi yawa, ina ce mata ta yi daidai."

Na zauna a bakin gado.

Ta ce, "Na gode da ɗawainiya. Sauran wankan jegon, zan roƙi Adizatu ta riƙa zuwa."