Sumar Baba Ogutu

Iskar tafki ta taso daidai lokacin da Baba Ogutu ya sunkuya kan dara. Ta ɗage dogon gashin da ya kwantar a tsakar kansa, ta watsa shi gefe, sanƙon ya fito fili yana ƙyalli. Ina tsaye da aska a hannu ina gyara wa wani masunci ƙeya, a rumfata da dattawan Usenge ke taruwa da hantsi.

Ni kuwa in magana ta zo min baki, sai ta fita.

"Baba, shekara goma sha tara kana guje wa askata, ga shi Allah ya karɓi aikin da kansa," na ce. "Har kanka ya yarda Okoth ya mutu."

Aka kwashe da dariya, sai kuma ta tsinke a tsakiya. Baba Ogutu ya tattaro gashin da yatsu biyu, ya mayar da shi inda yake, ya tashi ya bar wasan.

Okoth shi ne ɗansa tilo. Ya fita kamun kifi, aka tsinci kwalekwalen a kife, shi ba a gan shi ba. Dangi suka binne ɗan itacen yago a madadinsa, kamar yadda muke yi wa wanda ruwa ya ƙi mayarwa, kowa ya aske kai aka rufe makoki. Uban ya ƙi. Ya ce bai ga gawa ba. Sumar ta yi ta tsawo har gadon baya, ta yi furfura, daga baya ta fara zubewa daga sama.

Tun ranar da na yi masa wannan ba'a bai sake zama a rumfata ba. Ya sayi hular ulu yana sawa cikin zafin rana. Katangar kara ce kawai tsakanin gidana da nasa, amma wata bakwai na kasa cewa ya yi haƙuri. In na hango shi, sai in duƙufa kan wasa askar da ta riga ta yi kaifi. Kunya ce, kuma kullum ƙaruwa take.

Wata safiya matarsa, Mama Nyagem, ta leƙo.

"Ouko, maƙwabcinka na kira. Ya ce ka zo da mataji."

Na ɗauki matajin, na kuma zura aska a aljihu. Har a lokacin, wani ɓangare na zuciyata yana jiran a ce ni ke da gaskiya.

Na same shi kwance kusa da taga, ya rame, kofin kunu a gefensa bai taɓa ba. Hular na kan ƙusa. Gashin ya barbazu a kan matashi.

"Ɗan Ajwang, mai baki kamar rediyon mota," ya ce. "Hannun ya daina kaiwa sama. Rufe min wurin."

Na zauna a bakin gadon na fara tajewa a hankali. Duk jan da na yi sai matajin ya fito da gashi.

"Nawa ya fita?"

"Ko ɗaya, Baba."

"Da ba ka iya shiru ba, yanzu kuma ba ka iya ƙarya ba." Ya yi tari, ya huta. "Gaskiya ka faɗa ran nan. Tun shekarar farko na sani. Amma uwarsa ta aske, kowa ya aske. In na aske ni ma, wa ya rage yana jiran yaron?"

Na buɗe baki zan ba shi haƙuri, ya ɗaga yatsa.

"Bar shi. Aiki zan ba ka. In na tafi, 'yan birni za su zo su ce a gyara ni. Kai za su kira, ba wani mai aski a nan. Kada ka yarda."

Ina miƙewa askar ta zame daga aljihuna ta faɗi a kan siminti. Ya dube ta, ya dube ni. Da ƙasa za ta tsage da na shige.

Bayan kwana biyu ya cika, ana shirin dafa tuwon rana.

Ɗan ƙanensa, Barasa, ya iso daga Nairobi da akwatin gawa mai gilashi. Ya aiko aka kira ni, ya ja ni bayan rumbu.

"Kawu, ka ɗan kwashe wannan abin. Abokan aikina za su zo, za a ɗauki hoto. Kamar mahaukaci fa."

"Ba zan taɓa ba."

"Ba kai ne aka ce ka mayar da shi abin dariya a gaban jama'a ba? Yau kake son nuna kirki?"

"Ni ne," na ce. Na kasa kallonsa. "Duk da haka ba zan taɓa ba. In kana so, sai dai ka aske shi da hannunka, a gaban matarsa."

Mama Nyagem na zaune a bakin ƙofa, ba ta ɗago ba. Barasa ya yi tsaki ya tafi amsa waya. Na shiga na taje wa Baba Ogutu kai, na kwantar da abin da ya rage a kan sanƙon, na ɗan shafa ruwa don ya zauna. Haka aka rufe shi.

Kwana huɗu bayan jana'iza dangi suka jeru a ƙarƙashin mangwaro na aske su ɗaya bayan ɗaya. Mama Nyagem ce ta ƙarshe. Da na gama ta shafa kanta ta ce, "To, yau an yi aski saboda su biyu, uba da ɗa."

Na koma rumfa na rataye matajin a ƙusa yadda yake, ban cire komai daga haƙoransa ba. Dattawa sun dawo kan dararsu. In iskar tafki ta taso da hantsi, dogayen furfurar nan sukan ɗan motsa, sannan su kwanta.