Abin da Alhaji Nababa Ya Goge

Wata bakwai na yi ina ɓare baƙin dutsen nan da ake yin bakin fensir da shi. In manna masa salatif in ɗaye, in sake mannawa in ɗaye, har na samu falle mai kaurin ƙwayar zarra ɗaya tak. Grafin ake ce masa. Ya fi ƙarfe ƙarfi, lantarki kuma na gudu a cikinsa ba tangarɗa, amma ido ba ya ganinsa sai ta madubin bincike mai ƙara girman abu.

Lokacin man fetur na tashe, Abuja duk inda ka juya sabon gini. Hukumarmu ta binciken kimiyya ta cika harabarta da sabbin motoci, amma ɗan ɗakin bincikena ne ya tsone wa manya ido, wai za a riƙa ajiye kujerun taro a ciki. Aka ce kwamiti zai zo ya duba. In akwai abin nunawa, a bar mini ɗakina.

Suka zo ranar Talata da hantsi, daraktanmu Alhaji Nababa a gaba.

"Dokta Murja, ina abin naki?"

"Ga shi kan ɗan farantin silikon ɗin nan mai kama da gilashi, ranka ya daɗe. Bari in kunna madubin."

Juyawar da na yi ke nan. Ko da na waiwayo, bawan Allah ya ɗauke shi da yatsu biyu ya ɗaga saitin taga. Ya ce ya yi ƙura. Ya huro masa iskar baki, ya murje shi tas da hannun babbar rigarsa, yadda yake wa tabaransa, ya miƙo mini yana murmushi.

Na sa shi a madubin duk da haka. Alhaji ya sunkuya ya leƙa, ya daɗe yana leƙe.

"Wallahi ban ga komai ba, Dokta."

Gaskiya ya faɗa, ita ce kuma ke ci mini rai har yau. Na yi bayani, sauran suka riƙa kallon agogo. Wa zai rubuta cewa oga ya ɓata abin da ba wanda ya taɓa gani?

Ranar da nake kwashe kayana, ana shigo da kujerun, muka haɗu da Alhaji a baranda. Ya ce in ƙara himma, ƙasa na bukatar irinmu. Rigar nan ce a jikinsa, an wanke ta, ta sha guga.