Koren Ƙyallen Kaka

Da aka ɗauke ni sanin makamar aiki a gandun dajin gwamnati lokacin hutun bazara, na zaci sawun damisar ƙanƙara zan riƙa bi. Ashe tsumma zan kwance.

A bakin maɓuɓɓugar da ke saman dutse akwai wata tsohuwar bishiya da muke kira arca, wadda duk mai buƙata yake hawowa ya ɗaura mata ƙyalle: mai neman haihuwa, mai ciwon baya, mai ɗa a Rasha da ya daina kiran waya. A da ulu ake ɗaurawa, ya ruɓe da kansa. Yanzu kuwa leda ce da zaren roba, har da safa, suna shaƙe rassan su bushe. Aikina shi ne in tsaya kusa da allon gargaɗi ina yi wa baƙi bayani, da yamma in kwance abin da suka ɗaura da na juya baya.

Shugabanmu Esenbek, wanda ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya kira ni ya ce, "Aizirek, gurbi ɗaya ya rage na aikin dindindin. Ranar Juma'a zan hawo. In na ga ko zare a jikin bishiyar nan, ki tattara ki koma birni."

Ina son aikin nan kamar raina. Ranar Alhamis na tsefe bishiyar tas, har yatsuna suka yi jini.

Juma'a da hantsi sai ga tsofaffin matan ƙauyenmu reras, da gorar nonon goɗiya da ƙullin soyayyen burodi. A gabansu kakata Gulaiym, tana dogara sanda tana haki.

"Kaka! Me ya kawo ki da wannan gwiwar?"

"Ke kika kawo ni, ja'ira. Uwarki ta ce yau za a yanke maganar aikinki. Na ce ina raye ba za a yanke ba ban ɗaura ba." Ta zaro wani koren ƙyalle da ta yago daga ɗankwalinta na biki.

"Kaka, in kika ɗaura shi korata za a yi!"

"Ki ji mini sakarci! A nan na ɗaura aka haifi ubanki. Da ban ɗaura ba, da wa kike wa wannan rashin kunyar? Matsa."

Na yi musu bayanin ɓawon bishiya da yadda ruwa ke hawa cikinsa. Suka saurara da kyau, wata ma ta sa mini albarka, sannan kowacce ta fito da nata tsumman. Can ƙasa na hango farar hular Esenbek tana hawowa. 

Na dafa sandar allon gargaɗin, sai na tuna daga inda ta fito.

"Kaka, kin san wannan sandar? Reshen bishiyar ne, iska ta karya shi bara. Ɗanta ne na cikinta."

Ta shinshina sandar, ta ƙwanƙwasa ta. "Arca ce kam. To, saƙon da aka ba ɗa ai zai kai wa uwa." Ta ɗaure ƙyallenta tamau. Sauran suka rufa mata baya, kafin ka ce kwabo allon ya koma kamar amarya, ko harafi ɗaya ba a gani daga gargaɗin.

Esenbek ya iso. Ya zagaya bishiyar, fes. Ya tsaya gaban allon ya daɗe yana kallo.

"Wa ya kawo wannan dabara?"

"Ni ce, Yallaɓai," na ce.

"Ki zo ofis ranar Litinin da hotonki."

Kaka ta buga sanda a ƙasa. "Kun gani ko? Ko hannuna bai huce ba!" Har ta bar duniya, ba ta taɓa yarda cewa akwai hannuna a samun aikin nan ba.

Yanzu ni ke karɓar ɗaliban bazara. Ina koya musu cewa tsumma ba ya ba mutum aiki, ba ya kawo haihuwa, kuma duk ƙarshen wata su kwance na jikin allon. Bana wani yaro mai ƙwazo ya kai hannu kan wani koren ƙyalle da ya koɗe a can saman sandar. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba.